Ma'aunin da Na Sa wa Hannu Yana Ƙarya, Wata Kuma Ake Shirin Kora

Assalamu alaikum Admin, da ku ma'abota wannan shafi mai albarka. Ina gaishe ku daga Makka, da fatan kowa yana lafiya shi da iyalinsa. Don girman Allah a sakaya sunana, duk da na san wanda ya taɓa shan shayi da ni a unguwar Rusaifa zai gane ni tun a layi na biyu, don daga nan har Jidda ba a haifi wanda ya kai ni surutu ba. Ina roƙonku abu biyu. Kada ku yanke min hukunci sai kun karanta har ƙarshe, kuma kada ku yi dariya. Na biyun nan ya fi min muhimmanci, za ku ga dalili.

Ni Bakano ne, na haura hamsin, na daɗe a ƙasar nan har 'ya'yana sun fi iya zagina da Larabci. Aikina rubuta manhajar kwamfuta. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa masu dafa abincin alhazai manhajar rabo. Ita ce take gaya wa kowane direba a wayarsa cewa ka ɗauki kaya kaza ka kai tanti kaza a Arfa ko Mina. Duk shekara muna zaune muna hamma kamar kadoji a bakin rafi, sai ranar Arfa ta zo, direbobi su taso wa babbar kwamfutarmu, wadda muke kira saba, gaba ɗaya a lokaci guda. Idan ta ɗauki nauyin, mun ci shekara. Idan ta durƙusa, sai Allah.

Saboda haka muke da wani ɗan ma'auni da muka rubuta da kanmu. Ba shi da hoto, ba shi da ado, a baƙin allo ake kiransa. Ka rubuta masa umarni layi ɗaya, sai ya yi kamar shi ne taron direbobin, ya yi ta aika wa saba tambayoyi ba ƙaƙƙautawa, sannan ya dawo ya gaya maka tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta amsa. Da shi muke sanin ko mun shirya wa Hajji ko ba mu shirya ba. Kuma muna da doka a ofis wadda ko Mudir, shugabanmu, bai isa ya tsallake ta ba: duk wanda ya taɓa rubutun manhaja, gyaransa ba zai shiga ba sai wani na biyu ya karanta. Mai karantawa yana rubuta ra'ayinsa a ƙasa inda kowa zai gani, sannan ya danna ɗaya cikin biyu, ko kore wato na amince, ko ja wato a koma a gyara. Ni ne na fi kowa daɗewa, don haka yawancin abin da ya shafi ma'aunin nan a gabana yake wucewa.

To ga inda taubashina ya shigo. Ɗan gwaggota ne, ƙanwar mahaifina, kuma a hannun Gwaggo na tashi bayan rasuwar mahaifiyata. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun yana rarrafe nake kiransa Bawa, shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Tumbi. Kun san yadda wasan taubasai yake. Ba abin da ba za mu gaya wa juna ba, kuma haramun ne wani ya yi fushi. Ya yi shekaru yana tuƙa tasi a unguwar Hindawiyya, sai da girma ya zo masa ya koyi rubutun manhaja, ni na koya masa rabin abin da ya sani, ni kuma na kai shi gaban Mudir na rantse har na kusa ƙare rantsuwar da ke duniya cewa zai iya. Mudir ya ɗauke shi a kan gwaji, yana kallonsa da gefen ido. Har yanzu bai fita daga gwajin ba.

Wasanmu ya biyo mu har cikin aiki. Duk gyaran da Bawa ya turo sai na rubuta masa a ƙasa cewa akuyar Gwaggo ma ta fi shi tsara layi, ko in ce na karanta rubutun nan har sai da na sake alwala. Shi ma idan nawa ya zo gabansa ya rubuta cewa rubutun ya yi tumbi irin na mai shi. Daga nan sai a danna kore. Yaran ofis har jira suke mu yi, su taru suna fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa. Kowa ya san ƙa'idar: idan na zagi Bawa na danna kore, to aikin lafiya yake. Ban taɓa danna masa ja ba. In akwai kuskure, sai in je teburinsa in ja masa kunne a gyara a tsakaninmu.

Ana saura 'yan makonni Hajji, Bawa ya turo gyara a kan ma'aunin, kuma shi ne babban aiki na farko da ya ƙirƙiro da kansa ba wanda ya sa shi. Mutane sun daɗe suna ƙorafin ma'aunin yana da nawa, sai ka je ka yi sallah ka dawo bai gama ba. Bawa ya sa ya zama mai sauri. Na buɗe na karanta, kuma wallahi ban kai ƙarshe ba na ga abin da ya yi. Duk tambayar da saba ta daɗe ba ta amsa ba, a da ma'aunin yana jiranta, ya rubuta ta a cikin waɗanda suka makara. Bawa ya ce a daina jira, a jefar da ita kawai. To idan an jefar da ita, ba ta cikin lissafi ke nan. Ma'aunin zai auna waɗanda aka amsa da wuri su kaɗai, ya dawo ya ce komai lafiya. Kuma ranar da saba ta fi shan wuya, ranar ce zai fi yabonta, don ranar ce za a fi jefarwa.

Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Da ban gani ba da yanzu ina barci har da minshari.

Na ɗaga kai na hango shi. Ya sa sabuwar jallabiya ranar, yana tsaye a bayan kujerar Mudir yana nuna masa yadda abin yake gamawa kafin ka ajiye kofin shayi. Mudir kuwa, wanda ko murmushi sai ya yi shawara da kansa, yana cewa, “Masha Allah, masha Allah.” Ta yaya zan danna ja a wannan lokacin? Jan da ban taɓa danna masa ba, a gaban kowa, a kan abin da ya fi alfahari da shi? Sai na yi abin da na saba. Na rubuta a ƙasa: “Bawa, wannan ma'aunin naka ya zama mai gidan abincin da yake tambayar waɗanda suka ƙoshi kawai ko abinci ya isa, masu yunwa kuwa ya kore su waje ya rufe ƙofa. Da wannan ko jakin Gwaggo aka auna sai ya ce ya riga jirgin sama zuwa Madina.” Na danna kore.

Ku duba fa, duk gaskiyar tana cikin maganar nan. Ba abin da na rage. Amma wa zai ɗauke ta? Bawa ya karanta ya ƙyalƙyale da dariya daga can teburinsa, ya ce, “Tumbi, hassada ce ke cinka, bawa ya wuce ubangidansa!” Na ce, “Ka zo in gaya maka wata magana in an tashi.” Ya ce, “In abinci ne ka cinye, na yafe.” Aka yi dariya, aka tashi, ya riga ni fita. Na ce gobe. Washegari aka tura ni wajen masu dafa abinci in koya wa direbobi amfani da waya, na shiga hidimar da ko sunana sai na yi tunani kafin in tuna. Ina gaya wa kaina ai saba ɗinmu ƙarfi gare ta kamar raƙumi, ko ma'aunin ya yi ƙarya ba abin da zai faru, bayan Hajji sai in gyara a hankali.

Akwai wata abokiyar aikinmu, zan kira ta Muhandisa, wato injiniya, saboda haka kowa yake kiranta. A nan aka haife ta, iyayenta Hausawa ne da suka biyo ta Sudan, Hausarta tana tafiya tana tuntuɓe da Larabci. Ammu take ce min, wato baffa. Ita ke riƙe da saba, kuma ita ke da alhakin cewa an shirya ko ba a shirya ba. Mace ce mai tsantseni, irin wadda za ta kulle ƙofa ta dawo ta sake taɓa kwaɗon. Kafin Hajji ta kira ma'aunin ta sake kira, ta ƙara masa nauyi fiye da na bara, kullum yana ce mata lafiya lau. Har ta zo ta same ni tana cewa, “Ammu, sakamakon nan ya yi kyau da yawa, ni tsoro yake ba ni.” Kun san me na ce mata? Na ce, “Ke dai ba kya son alheri. Da za a ba ki Aljanna sai kin ce a kawo rasit.” Ta yi dariya, ta je ta gaya wa Mudir an shirya.

Ranar Arfa, ana gab da azahar, saba ta durƙusa. Ina can a filin, a cikin zafin da ko ƙarfe sai ya nemi inuwa. Wayoyin direbobi suka tsaya suna ta juyi ba amsa. Motoci cike da abinci, ba wanda ya san tantin da zai nufa. Muka koma kiran waya da ihu, ina gudu da wannan tumbin nawa daga mota zuwa mota. Abinci ya isa, amma ya isa a makare, wani ma ya fara sauya wari sai da aka zubar. Ba zan manta wani dattijo ba, a bakin tanti, haraminsa ya jiƙe sharkaf, ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, ba don ni ba, matata tana shan maganin sukari, ko biredi ne a samo mata.” Na samo mata. Amma a ranar da kowa yake ɗaga hannu yana neman gafara, ni na san abin da na sani, kuma bakina ya kasa haɗa addu'a.

Bayan Hajji masu abincin suka yi ca a kan Mudir, shi kuma ya juya yana neman wanda ya ce an shirya. Muhandisa ce ta ce. Ya tara mu, ya ce kwantiraginta idan ya ƙare ƙarshen watan nan ba zai sabunta ba, sai fa in ta kawo masa dalilin da zai gamsu. Ku da ke zaune a ƙasar nan kun san abin da wannan yake nufi. Iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, a kan kamfanin take, kuma ita ke riƙe da mahaifinta da ya daina gani.

A wajen taron nan na yi yunƙuri, Allah shaida ne. Na gyara murya na ce, “Ya Mudir, ni fa ina ganin ma'aunin nan ne maƙaryaci, ya fi ni ƙarya ma.” Sai ɗakin ya fashe da dariya. Har Muhandisa, da idonta ya yi ja, sai da ta murmusa. Mudir ya ɗaga hannu ya ce, “Ya shek, Allah ya shirye ka, yau ba ranar wasa ba ce.” Abin da ya kamata in yi shi ne in tsaya in ce ba wasa nake ba, a buɗe gyaran Bawa a gani. Me na yi? Na taya su dariya. Kuma abin da ya fi ci min rai, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku, shi ne daɗin da na ji a lokacin. Na ji wani sanyi a ƙirjina, ina cewa ai na faɗa, su ne ba su ji ba. Wane irin mutum ne yake jin daɗi a irin wannan wuri?

Tun daga ranar Muhandisa take neman kuskurenta. Tana bin rubutunta layi bayan layi, ta canza wannan ta canza wancan, sannan ta kira ma'aunin ya gaya mata ko ta dace. Shi kuma ya ce mata lafiya lau. Kafin ta gyara lafiya lau, bayan ta gyara lafiya lau. Ba ta taɓa zarginsa ba, saboda ta san ni na karanta duk abin da ya shige shi. Shekaranjiya ta jawo kujera kusa da ni ta ce, “Ammu, billahi ka duba min. Idona ya gaji, na san kuskuren yana gabana amma ba na ganinsa. Kai ba abin da yake wuce ka.” Na karɓa ina kallon allo, haruffa suna iyo. Na ce, “Insha Allah, 'yata.” Ko wasa ɗaya ban iya yi ba, har ta ce, “Ammu, ba ka da lafiya ne? Yau ba ka zage ni ba.”

Za ku ce to ka lallaɓa ka gyara ma'aunin mana, gaskiya ta fito da kanta. Na yi wannan tunanin har kaina ya yi zafi. Dokar ofis ta tare ni. Gyarana ba zai shiga ba sai wani ya karanta, kuma mai karanta abin da ya shafi ma'aunin, in ban da ni, ita ce. Da ta buɗe za ta ga layin da na cire, ta ga wanda ya saka shi, ta gangara ƙasa ta ga maganar jakin Gwaggo da koren da na danna. Ranar da aka rubuta ta ba ta kula ba, don kowa ya saba da haukana. Yanzu kuwa da idon da ya sha kuka za ta karanta, kuma za ta gane cewa na sani tun kafin ta zo min da tsoronta in mayar da shi abin dariya.

Jiya bayan la'asar na tafi Hindawiyya wajen Bawa. Na same shi a falo, na ce masa magana ce ta gaske ta kawo ni. Ya ce, “Tumbi da maganar gaske? Bari in kira 'yan jarida.” Na ce ya ɗauko kwamfutarsa. Na sa shi ya kira ma'aunin, yana cikin aiki na ce ya toshe rabin hanyar sabar da muke gwaji da ita da hannunsa. Ya toshe. Ma'aunin ya gama ya ce lafiya lau, har ya fi na kullum kyau. Bawa ya yi dariya, ya sake gwadawa. A karo na biyun bai yi dariya ba. Ya ɗago kai daga baƙin allon nan ya ce, “Me ya sa ba ka gaya min ba?” Na ce, “Na rubuta maka.” Ya ce, “Ka rubuta min jaki! Kullum jaki kake rubuta min, ta ina zan san jakin ranar daban ne?”

Muna haka Gwaggo ta shigo da butar shayi tana jan ƙafa. Ta kalle mu ta ce, “Yau kuma lafiya? Gidan shiru kamar an yi rasuwa. Kai babban banza, me ka yi wa ƙaninka?” Na ce ba komai Gwaggo, aiki ne. Ta ce, “To Allah ya yi muku albarka. Ni dai tun da ka raba shi da tasin nan nake barci da ido biyu rufe.” Ta dafa kaina kamar yadda take yi ina yaro, ta fita.

Da zan tafi ya rako ni har bakin titi. Bai ce min Tumbi ba. Ya ce, “Yaya.” Tun da aka haife shi ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba, sai da na waiga in ga ko da wani yake. Ya ce, “Yaya, ka bari in fita daga gwajin nan tukuna. In Mudir ya ji yanzu, ka san ba zai tsaya sauraro ba. Ka rufa min asiri, daga baya ni da kaina zan faɗa.” Gwajinsa sai bayan wata biyu zai ƙare. Kwantiragin Muhandisa ƙarshen watan nan ne.

Ni ba kaina nake ji ba, ko in ce ba kaina kaɗai ba, kada in yi muku ƙarya. In na faɗa, mai yiwuwa Mudir ya haɗa mu biyu ya sallama, kuma na cancanta fiye da Bawa, don shi kuskure ya yi, ni kuwa gani na yi na danna. Na yi tunanin in ce laifina ne ni kaɗai, amma sunansa yana kan gyaran, ba yadda zan goge shi. In na yi shiru, yarinyar da take kirana Ammu za ta tattara kayanta tana zaton ita ce ta sa alhazai yunwa a Arfa, ta ɗauki wannan a ranta har ƙarshen rayuwarta. In na yi magana, da wace fuska zan shiga gidan matar da ta goya ni? Kuma ko na yanke shawarar faɗa, ta yaya mutum irina zai faɗi magana a yarda? Shekara da shekaru ina gina sunan da ya sa ko gobara na ce ta tashi sai an gama dariya kafin a nemi ruwa.

Gobe da safe Muhandisa za ta zo ta tambaye ni ko na gano mata kuskurenta. Rubutunta yana buɗe a gabana, na karanta shi tun daga farko har ƙarshe, ba kuskure a ciki.

Jama'a, don Allah ba wasa nake ba. Me zan yi?